Sauron Gidan Malam Barau Marini

Ga ta nan ta iso har inda kuke zaune, wanda bai shirya gardama ba ya ɗauki takalminsa tun yanzu. Kai Sabitu, bar marin ƙafar nan haka ka ba ni kunnenka. Tun da muka idar da la'asar nake kallonku, kowa na tafi kamar gidan biki, ana ta zagin sauro, ga gwangwanayen madara nan a gindin bencinku cike da ruwan sama, an rasa mai sa ƙafa ya kifar. To bari in ba ku labarin wani gida. In na gama ku za ku yanke hukunci, don ni har yau in na tuna abin sai raina ya ɓaci.

A tsohuwar unguwar marina an yi wani dattijo da ake kira Malam Barau Marini. Da Allah ya karɓi ransa ya bar matarsa Iya Tabawa da 'ya'ya maza uku: Yahuza shi ne babba, sai Haladu, sai Zakari. Autarsu mace ce, Lantana, tana aure a wani ƙauye can ƙetaren gulbi. Ya bar musu gida mai faɗin tsakar gida, da rijiyoyin rini a bayan ɗakuna, irin masu zurfin nan da ake tsoma farin zane ya fito shuɗi yana ƙyalli.

Gadon nan kuwa ba a raba shi ba. An zauna an tashi baram-baram, an sake zama an kusa ba hammata iska, daga nan dangi suka zare hannunsu. Sai gidan ya koma wani iri. In ka gyara wani wuri, a ce kana kafa hujjar cewa naka ne. In ka ce a gyara, a ce wa ya naɗa ka mai gida. Kowa ya kama ɓangarensa ya ƙanƙame, ƙofa ɗaya suke shiga su fita, amma ban da sallama babu abin da ke haɗa su.

Yahuza shi ya ɗan koyi rini a hannun mahaifinsu, saboda haka ya ce rijiyoyin nasa ne. Rinin kuwa ya bar shi tuntuni, gwanjo yake sayarwa a kasuwa. Rijiyoyi na nan baki buɗe, damina ta cika su maƙil, ruwan ya yi kore shar, in ka leƙa sai ka ga tsutsar sauro na ta wutsil-wutsil. Iya ta roƙe shi ko da tsohon kwano ne a rufe bakinsu. Ya ce duk wanda ya ɗora ko da kara ne a bakin rijiyar nan, shi da shi sai gaban alƙali. Ku ji fa, mutum da gemunsa!

Haladu kuma mai faci ne a bakin tasha. Duk tayar da ta mutu sai ya gangaro da ita gida, wai jari ce, wata rana masu yanka takalmi za su zo su saye. Ya jibge wasu a tsakar gida, ya ɗora wasu a kan rufi, sauran ya jera su a gindin tagar ɗakin Iya har suka kusa rufe ta. Taya kuwa kun san halinta, ko ta yaya ka ajiye ta sai ta riƙe ruwa a cikinta, rana ba ta kai masa, iska ba ta busar da shi.

Zakari shi kuma kiwon agwagi ya sa a gaba. Ya samo tsumma da laka ya toshe rariyar gidan, wato kafar nan da ruwan wanke-wanke da na sama ke bi su fice waje, don kawai ruwa ya taru agwaginsa su sami wurin wanka. Tsakar gida ta zama ɗan tafki, gefe da gefe ciyawa ta tashi har gwiwa. Tsohuwa ma sai da aka jera mata bulo take takawa in za ta kewaya.

Rannan duba-gari ya shigo zagayen unguwa, ya yi sa'a ya tarar da su duka ukun. Ya tsaya a bakin tafkin nan ya dubi Yahuza ya ce, “Malam, wannan ruwan fa?”

Yahuza ya ce, “Ba ruwana.”

Ya zagaya baya ya ga rijiyoyi, ya dawo ya ce, “To waɗancan fa, an ce naka ne?”

Yahuza ya ce, “Waɗancan kuma ba ruwanka.”

Haka Haladu ya yi masa, haka Zakari. In an nuna wa mutum ruwan ɗan'uwansa ya ce ba ruwana, in an nuna masa nasa ya ce ba ruwanka. Gida cike da ruwa har yana neman shiga ɗaki, amma an rasa mai ruwa ko ɗaya! Duba-gari ya yi musu gargaɗi ya girgiza kai ya fita, suka bi bayansa da tsaki.

Sauron gidan nan kuwa sai wanda ya gani. Tun rana ba ta faɗi ba yake tasowa daga bayan ɗakuna, baƙi ƙirin, har maƙwabta suka daina zama a ƙofar gidajensu da yamma. Iya ta turara ɓawon lemo, ta kunna maganin sauro har tari ya kama ta, duk a banza. Ina amfanin hayaƙi a ɗaki alhali ana ƙyanƙyasar wani sabo a bakin taga?

Cikin wannan hali ne aka kawo Lantana goyon ciki. Cikin fari ne, kun san al'ada, a gaban uwarta za ta haihu. Mijinta Ɗahiru, wani tela mai sanyin hali, shi ya rako ta da kansa ya damƙa ta a hannun Iya ya koma. A cikin kayanta akwai gidan sauro sabo fil da aka ba ta a wurin awon ciki. Iya ta ɗaura mata shi a kan gado ta ce alhamdulillahi, ko ba komai yarinyar ta sami mafaka.

Ba a jima ba shaho ya soma ɗauke wa Zakari 'yan agwagi. Ya leƙo ɗakin ya ce, “Lantana, ara mini gidan sauron nan in rufe su da rana, kafin magariba zan dawo miki da shi.” Ƙanwa za ta hana yayanta? Da farko ya riƙa dawowa da shi. Daga baya ƙusa ta yage shi, kashin agwagi ya ɓata shi, sai ya bar shi can. Iya ta yi magana ya ce gobe, ta sake yi ya ce gobe. Wallahi in na zo nan a labarin sai in ji kamar in tashi in je in same shi: mace da ciki wata bakwai a kwance sauro na cin ta, ɗiyan agwagwa kuma a cikin gidan sauro.

Ita kuwa Lantana kunyar cikin fari ta rufe mata baki. Mai cikin fari ai ko cewa tana da ciki ba ta yi a gaban manya, balle ta ce wani wuri na mata ciwo. Zazzaɓi ya kama ta, ta ɓoye. Da tsakar rana za ka gan ta lulluɓe da zani biyu, in Iya ta tambaya ta ce sanyin damina ne. Abinci ya daina shiga, tafin hannunta ya yi fari fat, tana dai ta lallaɓawa tana shara tana ɗora tukunya.

Wata rana da hantsi, Yahuza na kasuwa, Haladu na tasha, Zakari na watsa wa agwaginsa dusa, sai ya hango ta jingine da turmi haƙoranta na kaɗawa. Ya ce, “Ke, lafiya?” Ta ce, “Ba komai Yaya.” Da wani ne da ya ce to madalla ya ci gaba da abin da yake yi. Shi kuwa ya matso ya dubi idonta, ya ga babu ɗigon ja a ciki, kafin ya buɗe baki ta sulale ƙasa. Ranar an kwana ana ruwa, lungun ya cika, babu babur ko keke da zai shigo. Zakari ya saɓa ta a kafaɗa ya faɗa cikin ruwan nan har cinya, yana zamewa yana tashi, bai dire ta ba sai a bakin titi. A asibiti likita ya ce zazzaɓin cizon sauro ne ya shanye mata jini, da an bar ta ta kai yamma da sai dai wani labarin, ita da abin da ke cikinta.

Da Zakari ya dawo gida bai ko cire rigarsa ba ya ɗauki diga ya fasa toshiyar rariya. Ruwan ya ƙi wucewa, don kwatar lungun ma ta cushe, sai ya shiga cikinta da ƙafarsa yana kwashe dagwalo da hannu, tun daga ƙofar gidansu har inda ta haɗu da babbar kwata. Masu zuba shara a ciki suka taso masa, ya tsaya ya yi da su. Agwagin nan da ya fi so fiye da komai ya tattara su ya kai kasuwa, ya dawo da sabon gidan sauro da raga ta waya, ya buga wa taga da ƙofar ɗakin Iya. A cikin aikin nan shi ma zazzaɓin ya kayar da shi, ya kwanta yana rawar ɗari, bai gaya wa kowa ba.

A can asibiti kuwa an ce sai an ƙara mata jini, kuma da gaggawa. Aka gwada na Zakari bai yi ba, aka gwada na Yahuza bai yi ba, Iya ta tsufa, mijin na ƙetare. Na Haladu kaɗai ya dace. Haladu kuwa, ƙato guda mai ɗaga tayar babbar mota shi kaɗai, in ya ga allura sai gumi ya keto masa, tun yana yaro haka yake. Ya miƙa hannu ya kau da kai yana salati aka ɗiba, aka ce bai isa ba, ya ce a ƙara. Ya dawo gida jiri na ɗibarsa, ya tsaya a gindin tagar ɗakin Iya ya karkata taya ɗaya, ya ga abin da ya zubo daga ciki yana motsi. Babu wanda ya sa shi. Ya ɗauko wuƙar aikinsa ya riƙa tsarge tayoyin nan ɗaya bayan ɗaya, ya hau rufi ya jefo na sama, ya kira masu takalmi ya ce su kwashe kyauta, kada ko ɗaya ta kwana. Jarin da ya daɗe yana tarawa don ya buɗe shagon kansa ke nan ya tafi. Sannan ya ɗauki lauje ya bi ciyawar gidan ya yanke ta tas.

Sai da gulbi ya ɗan sauka Ɗahiru ya sami kwalekwale ya ƙetaro. Ya so ya ɗauke matarsa, likita ya ce a'a, ba za ta iya wannan tafiya ba, dole ta zauna kusa da asibiti har ta sauka. Likitan ya kuma ce in ta koma cikin sauron da ya kawo ta, zazzaɓin zai dawo, karo na biyu kuwa jikinta ba zai ɗauka ba. Ɗahiru ya zo gidan da yamma ya ga an gyara tsakar gida, amma sauro na nan na tasowa daga baya kamar ba a yi komai ba. Ya zagaya ya leƙa rijiyoyi. Mutum ne mai kunyar surukai, bai ɗaga murya ba. Ya durƙusa ya ce, “Yaya Yahuza, amana na kawo gidan nan.”

Kun san abin da Yahuza ya ce? Ya ce kakansu ne ya haƙa rijiyoyin nan, ba za a cike su a kan idonsa ba. Ya ce dama abin da ƙannensa ke nema ke nan, in babu rijiya babu marina, sai wurin ya zama fili a raba da kowa. Subhanallahi! Ƙanwarka na kwance ana ƙara mata jinin wani, kai kana lissafin fili. Sai ga Iya ta dogaro sandarta ta zagayo, ta tsaya a bakin babbar rijiyar ta ce, “Yahuza, ubanku ya riƙe rijiyoyin nan ne don ya ciyar da ku. In 'yata ta mutu, a cikin wacce za ka sa ta?”

Washegari aka ga amalanke na shigowa da ƙasa da ɓaraguzan gini. Yahuza ya tuɓe riga ya ɗauki guga ya kwashe ruwan nan, yana zubarwa a kwatar da Zakari ya buɗe. A ƙasan babbar rijiyar ya tsinci sandar da mahaifinsu ke motsa rini da ita, har yanzu shuɗin bai fita ba. Ya zauna a ƙasa ya yi kuka irin wanda bai yi ba ranar jana'iza. Ƙannensa suka zo za su kama masa, ya ce kada wanda ya taɓa, shi ya hana, shi zai cike. Ya cike su duka da hannunsa, ya daddaɓe, ya san kuma daga ranar ba shi da abin da zai nuna ya ce nasa ne shi kaɗai. Sai bayan an yi wannan ne sauron gidan ya faɗi, har maƙwabta suka dawo da tabarminsu ƙofar gida.

Aka sallamo Lantana ta dawo ɗakin Iya, ta kwana cikin gidan sauro, zazzaɓi bai sake waiwayarta ba. Da lokaci ya yi ta haifi namiji, ɗan mitsitsi, ungozoma na ɗaukarsa da hannu ɗaya, amma da ransa da muryarsa. Ana gobe suna sai Ɗahiru ya tafi wurin liman cikin damuwa. Ashe ranar da ya fara ganin matarsa a gadon asibiti ya yi bakance tsakaninsa da Ubangijinsa, cewa in ta tashi ta sauka lafiya aka sami namiji, zai sa masa sunan yayan nata da ya cece ta. A lokacin a zatonsa mutum ɗaya ne ya yi abin. Liman ya ce bakance dai sai an cika shi, yaro kuma suna ɗaya ake raɗa masa.

Kafin gari ya waye magana ta zaga dangi, gida ya rabu uku. Masu cewa Zakari suka ce ba don ya matsa ya dubi idonta ba, da a gindin turmi za ta ƙare, jini da cike rijiya duk ba su da amfani. Aka ce musu ai shi ne ya zare gidan sauro daga kanta ya rufa wa agwagi. Masu cewa Haladu suka ce kai mutum asibiti ba shi ne warkewa ba, jinin Haladu ne ke yawo a jikinta da na jaririn, kuma ya gyara ɓarnarsa ba tare da an ce masa ya yi ba. Aka ce musu ai sauron da ya fi kusa da gadonta a cikin tayoyinsa aka raine shi. Masu cewa Yahuza suka ce ba don ya cike rijiyoyi ba, da ta dawo ta sake kwanciya, kuma agwagi da tayoyi ana sake samunsu, amma abin da ya binne ba ya dawowa. Aka ce musu ai shi ne na ƙarshe, sai da tsohuwa ta ambaci kabari sannan ya motsa.

Su ukun kuma, maimakon kowa ya sunkuyar da kai don kunya, sai ga su a zaure kowa na jiran a kira sunansa, har an soma hararar juna. Kai, mutum dai sai Allah! Iya ta shiga ɗaki ta ce wa mai jego ta faɗi wanda take so, ko a kunne ne. Lantana ta ja zani ta rufe fuska. Kun san ɗan fari, uwarsa ba ta kama sunansa har ta mutu. Abin da ta ce kawai shi ne, “Iya, ko wanne aka sa a cikinsu, ni ai ba zan iya kiransa ba.” Iya ta ce har yau ba ta san ko al'ada yarinyar ke nufi ko wani abu dabam ba.

To ga rago nan a ɗaure, an raba goro, wanzami ya wasa askarsa, liman ya karkato da kunne yana jiran Ɗahiru. Kada wani ya ce mini a sa sunan marigayi a huta, bakance bai ce haka ba. Duk wanda aka zaɓa, yaron nan zai tashi yana amsa sunan mutumin da ya kusa kashe shi tun yana ciki, wanda kuma ba don shi ba da bai shaƙi iskar duniya ba. To ku gaya mini, Yahuza, Haladu ko Zakari, sunan wa ya kamata a raɗa wa yaron nan?